Yadda Ake Gwada Amfilifayar Jita Ƙirar Hannu a Wajen Baje Koli

Zauren baje kolin kayan kiɗa shi ne wurin da ya fi ko'ina tara amfilifayoyin jita masu kyau, kuma shi ne wurin da ya fi ko'ina wahalar sauraronsu. A taron NAMM, babban baje kolin masu ƙera kayan kiɗa, da ake yi a birnin Anaheim na jihar Kalifoniya a Amurka, galibi a watan Janairu, rumfuna suna jere kafaɗa da kafaɗa, wannan yana gwada ganguna, wancan yana gwada jita, ga kuma ma'aikata masu yawo da na'urar awon ƙara domin kada wata rumfa ta wuce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙara). A taron Guitar Summit da aka fara a 2017 a birnin Mannheim na Jamus kuwa, an bi wata hanya dabam, domin yawancin gwaji a filin baje kolin da abin sauraro na kunne ake yin sa. A wuraren biyu, mai gwaji ba ya jin amfilifaya yadda zai ji ta a ɗakinsa ko a dandalin wasa. Saboda haka aikinsa a can shi ne tankaɗe da rairaya, wato ya shiga da sunaye goma ya fito da biyu ko uku waɗanda suka cancanci a sake zama da su a natse.

Amfilifayoyin da ake magana a kansu su ne waɗanda ƙananan kamfanoni ke haɗawa kaɗan-kaɗan, sau da yawa mutum ɗaya ne da 'yan mataimakansa, kuma kusan dukkansu suna aiki ne da bawul na gilashi mai kama da ƙwan fitila maimakon taransista. Ana danganta farkon wannan sana'a da Randall Smith, wanda a ƙarshen shekarun 1960 ya ɗauki ƙaramar Fender Princeton ya cusa mata ƙarfin da ya fi jikinta, daga nan aka sami kamfanin Mesa/Boogie. Howard Alexander Dumble, wanda ya rasu a 2022, ya haɗa kimanin guda 300 kacal a rayuwarsa, kuma a yau ana sayar da su kan dubban daloli masu yawa. Ken Fischer na kamfanin Trainwreck a jihar New Jersey bai ma ba nasa lamba ba, sunayen mata yake raɗa musu. Kamfanin Matchless ya fito a 1989, kuma bayansa ne ƙananan maƙera suka yawaita har suka zama ɓangare mai zaman kansa a kowane baje koli. Da yawa daga cikin kayansu sun haura dala 2,000, wasu sun wuce 4,000, don haka kuskuren zaɓe a nan ba ƙaramar asara ba ce.

Shirin yana farawa tun daga gida. Ka nemi jerin masu baje koli da taswirar zauren, ka fitar da rumfunan da kake son ziyarta, sannan ka raba su gida-gida bisa asalinsu, domin kusan kowace amfilifaya ƙirar hannu jikanyar wata tsohuwa ce. Akwai zuriyar Fender, masu bawul 6V6 ko 6L6, waɗanda aka sani da sauti garau mai faɗi, kuma irin abin da kamfanonin Victoria da Tone King ke yi ke nan. Akwai zuriyar Vox AC30 mai bawul EL84 guda huɗu, wadda Matchless DC-30 ta fito daga cikinta. Akwai zuriyar Marshall mai bawul EL34, inda Friedman ya yi suna, sai kuma zuriyar Dumble, wadda Two-Rock ke cikin manyan masu bin sawunta. Amfanin wannan rabo shi ne ka gwada ɗan'uwa da ɗan'uwansa. Wanda ya tashi daga kan amfilifaya mai wat 100 ta zuriyar Marshall ya koma kan mai wat 15 ta zuriyar Fender, sannan ya ce wannan ta fi waccan, bai gwada komai ba, ya dai gano wane dangi ya fi so, kuma wannan abu ne da ya kamata ya sani tun kafin ya sayi tikitin jirgi.

Idan dokar taron ta yarda, ka je da jitarka, kuma ka bincika wannan tun da wuri saboda wasu tarukan suna son a yi rajistar duk kayan kiɗan da aka shigo da su. Idan ba ta yiwu ba, ka tsaya a kan nau'in jita ɗaya a duk rumfar da ka je. Jita irin Stratocaster mai maɗaukin sauti mai naɗi ɗaya tana tura sigina mai rauni da kaifi, ita kuwa irin Les Paul mai naɗi biyu tana tura mai ƙarfi da kauri, kuma amfilifayar da ta tsaya garau da ta farko tana iya fashewa da kaushi da zarar an jona ta biyu. Ɗan filastik ɗin da kake kaɗa tsirkiya da shi ma ka sa naka a aljihu, domin kaurinsa yana sauya sauti fiye da yadda mutane ke zato. Ka haɗa da feda guda ɗaya, wato 'yar na'urar sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa, wadda ka san halinta sarai, da ƙaramin littafi da biro, da matoshin kunne irin na mawaƙa wanda ke rage ƙara ba tare da ya dusashe ta ba.

Batun matoshin kunne ba na ado ba ne. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta ƙiyasta cewa awa 8 ne iyakar zaman da ya dace a cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai. Tun kafin a kai ga lahani, kunnen da ya gaji yakan fara rasa kaifin sauti, sai mai shi ya riƙa ganin amfilifaya mai tsananin kaifi ita ce daidai, wadda da safe zai ce tana soke masa kunne. Ka sa matoshin a duk lokacin da kake tafiya tsakanin rumfuna, ka cire shi lokacin gwaji kaɗai, kuma ka ajiye manyan gwaje-gwajenka a awa biyun farko bayan an buɗe ƙofa, lokacin da zauren bai cika ba kuma kunnenka bai sha duka ba. Bayan azahar lokacin hira ne da maƙera, ba na yanke hukunci ba.

Idan ka isa rumfa, kada ka kai hannu kan komai kafin ka gaisa da mai ita ka nemi izini. Dalilin ya wuce ladabi. Amfilifaya mai bawul ba ta jure a kunna ta babu lasifika a jone, domin hakan yana iya ƙona taransifomar fitar da sauti, kuma lasifikar da aka jona dole ta dace da ramin da aka rubuta om 4, 8 ko 16 a kansa. A rumfar da ake sauya waya tsakanin kawuna biyar, wato amfilifayoyi marasa lasifika a jiki, da akwatunan lasifika uku, mai rumfar ne kaɗai ya san abin da ke jone da me. Ka gaya masa irin kiɗan da kake yi da girman wuraren da kake wasa, ka bar shi ya saita amfilifayar yadda shi yake ganin ta fi kyau, ka saurara, sannan ka nemi ka murɗa da kanka. Minti biyar zuwa goma sun isa idan akwai masu jira a bayanka.

Sai kuma abin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma aka fi sakaci da shi, wato daidaita ƙarar sauti. Kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da kaifi daidai wa daida a kowane mataki na ƙara. Binciken da Fletcher da Munson suka wallafa a 1933 ya nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne yana rasa kaurinsa da ɗan kaifinsa, idan kuma ya ƙaru sai su dawo. Sakamakon haka shi ne, idan aka ajiye amfilifaya biyu masu kama ɗaya, aka ɗaga ɗaya da desibel biyu kawai, kusan kowa zai rantse cewa ta fi cika da daɗi, alhali ƙara ce kawai ta fi. Masu rumfa da yawa ba da gangan suke yin wannan ba, amma sakamakon ɗaya ne. Maganinsa yana cikin wayarka: ka sauke manhajar awon ƙara, ka tsaya a tazara ɗaya daga kowace lasifika, misali taku biyu, ka kaɗa abu ɗaya da ƙarfin hannu ɗaya, ka murɗa har lambar da ke kan wayar ta yi kusan daidai da wadda ka samu a rumfar baya. Manhajar ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma tunda waya ɗaya ce kake aunawa da ita a ko'ina, kuskurenta ɗaya ne a ko'ina.

Kada lambar da ke jikin abin murɗawa ta ruɗe ka. Uku a wannan amfilifaya ba uku ba ce a waccan, domin wasu suna zuba kusan duk ƙarfinsu tun kafin a kai rabi, wasu kuma suna hawa a hankali har ƙarshe. Haka ma yawan wat. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ƙara kusan desibel 10 kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, wanda ke nufin mai wat 100 ta ninka mai wat 10 ne kawai a ji, ba sau goma ba. Abin da yawan wat ke saya maka shi ne sarari, wato nisan da amfilifaya za ta yi tana garau kafin sautinta ya fara fashewa. Fender Deluxe Reverb mai wat 22 tana fara kaushi a inda Twin Reverb mai wat 85 ba ta ko motsa ba. Ko wannan alheri ne ko matsala, ya danganta da ko kana son kaushin ya fito daga amfilifayar ko daga fedarka, da kuma ƙarfin hannun mai ganga a ƙungiyarku.

A nan ne dokar desibel 85 ke cutar da wasu amfilifayoyi fiye da wasu. Waɗanda aka gina bisa tsohon tsari, marasa abin murɗawa na biyu da akan rubuta Master a kansa, ba sa nuna ainihin halinsu sai an buɗe su sosai har manyan bawul ɗin sun ɗauki zafin aiki, kuma a filin baje koli ba za a bar ka ka yi haka ba. Wanda ya ji irin wannan amfilifaya a mataki na biyu ya ce ba ta da rai ya zalunce ta. Ka tambaya ko suna da ɗakin gwaji mai rufi, domin manyan rumfuna sukan tanadi ɗaya, ko kuma na'urar rage ƙarfi da ake sawa tsakanin amfilifaya da lasifika. Wasu ma a cikin jikinsu take, kamar Tone King Imperial. Sai dai ka rubuta a littafinka cewa ta wannan na'ura ka ji ta, domin idan aka rage da yawa lasifikar ba ta motsa iska yadda ya kamata, kuma sautin yakan ɗan matse.

Lasifika kanta rabin labarin ce, a ganina har ta fi rabi. Celestion Vintage 30 tana da tsakiyar sauti mai huda, Greenback ta fi ta laushi kuma ba ta kai ta ƙara ba a ƙarfin wuta ɗaya, Jensen kuwa ita ce muryar da aka saba ji a tsofaffin Fender. Akwati mai buɗaɗɗen baya yana watsa sauti a ɗaki, mai rufaffen baya yana harbo shi gaba da kauri mai tauri. Idan rumfa tana da na'urar sauya kawuna a kan akwati ɗaya, wannan shi ne gwaji mafi adalci da za ka samu a zauren, kada ka bari ya wuce ka. Idan babu, aƙalla ka tambayi sunan lasifikar ka rubuta.

Inda ka tsaya ma yana da tasiri. Na taɓa tsayawa a wata rumfa gaban amfilifaya biyu masu lasifika a jiki, ɗaya a ƙasa kan kafet, ɗaya a kan tebur daidai ƙirjina, na kusa yanke hukunci cewa ta kan teburin ta fi bayyana kowace tsirkiya, ta ƙasan kuma a dushe take. Da na durƙusa har kunnena ya yi daidai da lasifikar ta ƙasan, sai na tarar kaifin yana nan, gwiwoyina ne ke shan sa tun ɗazu. Lasifika mai inci 12 tana harba kaifinta ne a miƙe kamar hasken tocila, kaurin kuma yana bazuwa ko'ina, kuma ƙasa tana ƙara masa nauyi. Ka saurari kowace amfilifaya daga wuri biyu, a miƙe da lasifikar da kuma ɗan gefe, kuma ka yi haka a kowace rumfa.

Game da abin da za ka kaɗa, ka shirya gajerun abubuwa uku ko huɗu tun daga gida, waɗanda hannunka ya haddace, ka maimaita su a ko'ina ba tare da sauyi ba. Baje koli ba wurin nuna gwaninta ba ne, kuma mai gudu a kan tsirkiya ba ya jin komai sai kansa. Ka fara da sauti garau, abubuwan murɗa kauri da tsakiya da kaifi duk a rabi, amsa-amo a kashe, domin amsa-amo yana rufe aibi kamar yadda yaji ke rufe ɗanɗanon miyar da ba ta ji magi ba. Ka kaɗa tsirkiya shida gaba ɗaya ka saurara ko kana iya rarrabe kowace ɗaya. Ka kaɗa tsirkiya mafi kauri da ƙarfi ka ji ko sautin ya tsaya da ƙafarsa ko ya wargaje. Ka riƙe sauti ɗaya har ya mutu, domin yadda yake mutuwa yana faɗin abubuwa da yawa, musamman idan akwai wani ƙaiƙayi ko zizar da ke biyo bayansa. Daga nan ka ɗaga kaushi zuwa inda amfilifayar ta fara fashewa, ka kaɗa a hankali sannan da ƙarfi ba tare da ka taɓa komai ba, sannan ka rage ƙara daga jikin jitar zuwa shida ko bakwai. Amfilifaya mai kyau takan koma garau da kanta ba tare da ta dushe ba, kuma wannan biyayya ga hannu ita ce ainihin abin da ake biyan kuɗi mai yawa dominsa. A ƙarshe ka jona fedarka, ka kuma ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin ka saurari gurnanin da amfilifayar ke yi idan ba a kaɗa komai, ko da yake hayaniyar zauren za ta ɓoye maka wani ɓangare nasa.

Akwai abin da mai kallo ba ya ji sai mai kaɗawa. Amfilifayar da ke amfani da bawul wajen mai da wutar gida wutar aiki, irin GZ34 ko 5Y3, takan ɗan lotsa idan aka doke ta da ƙarfi sannan ta taso, sai mai kaɗawa ya ji laushi a ƙarƙashin yatsunsa. Wadda ke amfani da dayod takan amsa nan take da tauri. Masu kiɗa mai sauri da nauyi sun fi son ta biyun, masu jan sauti a hankali sukan so ta farkon. Bayan ka gwada da hannunka, ka miƙa jitar ga mai rumfar ko abokin tafiyarka, ka ja baya taku biyar ka ji abin da jama'a za su ji.

Idan gwajin da abin sauraro na kunne ne, kamar yadda aka fi yi a Mannheim, ka sani cewa abin da ke shiga kunnenka sautin amfilifayar ne haɗe da kwaikwayon lasifika da makirufo na kwamfuta. Ka tambaya wace lasifika aka kwaikwaya, ka roƙi a sa maka iri ɗaya a duk inda ya yiwu. Ta wannan hanya za ka iya auna yanayin kaushi da biyayya ga hannu da kyau, har fiye da a cikin hayaniya, amma ba za ka san yadda amfilifayar ke cika ɗaki ba.

Da zarar ka bar rumfa, ka tsaya ka rubuta kafin ka shiga ta gaba, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin sauti sai na ɗan lokaci kaɗan, kuma bayan rumfa ta huɗu duk za su cakuɗe. Ka ɗauki hoton fuskar amfilifayar yadda aka saita ta. Ɗaukar sauti da waya kuwa ba shi da amfani sosai wajen kwatance, saboda wayar tana matse ƙara da kanta, tana kuma kwasar gangunan maƙwabta.

Babbar ribar baje koli, wadda babu kantin da zai ba ka, ita ce sau da yawa mutumin da ke tsaye a rumfar shi ne ya zana amfilifayar kuma ya haɗa ta da hannunsa. Ka tambaye shi yadda aka haɗa cikinta. Matchless ta yi suna da haɗa kowane ɓangare kai tsaye da ɗan'uwansa, wasu suna jera su a kan allo mai ƙusoshi, Soldano da Mesa/Boogie kuwa suna amfani da allon lantarki bugagge kuma ba wanda ya raina sautinsu. Bambancin ya fi shafar sauƙin gyara fiye da daɗin sauti, kuma wannan ya fi damun wanda zai kai amfilifayar garin da babu wakilin kamfanin. Ka tambaya ko sauya manyan bawul yana buƙatar mai gyara ya daidaita wutarsu, ko kuwa irin tsarin AC30 ne da ke daidaita kansa. Ka tambayi nau'in bawul ɗin, domin masana'antun da suka rage suna yin su kaɗan ne, a Sulobakiya da Rasha da Sin, kuma a 2022 yaƙin Yukiren ya jawo ƙaranci da tsadarsu. Mai bawul 12AX7 da EL84 ko 6L6 ba zai sha wahalar samun madadi ba kamar mai wani baƙon nau'i. Ka tambayi tsawon jiran oda, da sharuɗɗan garanti ga wanda ke wata ƙasa, sannan ka nemi izini ka ɗaga ta da hannu ɗaya, domin Twin Reverb ma kusan kilo 30 ce, kuma wasu ƙirar hannu sun fi ta nauyi.

Mai niyyar kai amfilifayar Najeriya ko Nijar yana da ƙarin tambaya guda wadda ba a mantawa da ita. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230, kuma amfilifayar da aka yi don kasuwar Amurka za ta ƙone idan aka jona ta kai tsaye. Yawancin maƙera suna iya sa taransifomar da ta dace idan aka faɗa musu lokacin oda, wasu kuma tasu tana karɓar duka biyun da ɗan sauyin waya a ciki. Ka kuma gaya wa maƙerin gaskiya cewa wani lokaci da janareta za a kunna ta, a cikin zafi da ƙurar hunturu, ka ji abin da zai ce game da na'urar daidaita wuta da kuma iskar da bawul ɗin ke buƙata.

A rana ta ƙarshe, da sassafe, ka koma kan biyu ko ukun da suka tsira a littafinka, ka gwada su a jere cikin rabin awa, ka fara da wadda ka ji a ƙarshe jiya domin kada tsarin jerin ya sake rinjayar ka. Kafin ka bar kowace rumfa, ka karɓi katin mai ita, ka tambaye shi wane kanti ne mafi kusa da ke da irin wannan amfilifaya a ɗakin da za a bar ka ka buɗe ta, ko kuma kwana nawa yake bayarwa a mayar da ita idan aka aiko maka gida ba ta yi maka ba.